Katin da Surukina Ya Zaɓa

Inna ta fara da manta Faransanci. Wannan bai dami kowa ba, dama kaɗan ta iya, na asibiti da na jandarma a hanya. Daga baya Fulatanci ya bi. A Garwa aka haife ta, a Garwa ta yi aure ta haife mu, da Fulatanci ta yi cinikin atamfa har ƙarfinta ya ƙare. Amma wata safiya matata ta gaishe ta, Inna ta tsaya tana kallonta kamar wadda aka yi wa kukan tsuntsu. Abin da ya rage mata Hausa ce kawai, irin ta kakanninta da suka zo fatauci suka zauna.

Gidana ba gidan Hausa ba ne. Matata Bafulatana ce. 'Ya'yana suna jin Hausar kasuwa, amma a tsakar gida Fulatanci suke yi, in faɗa ya yi zafi su koma Faransanci. Ni kaɗai nake iya yi wa Inna magana yadda take so, ni kuma ba mai magana ba ne, ba kuma na wuni a gida. Ina da rumfar facin taya a bakin titi. Kafin faci, fetur nake ɗauko wa a babur daga iyaka ta wajen Mayo-Ulo, har 'yan fashin daji suka tare mu wata shekara. Sun ajiye ni a ɗaure cikin wata bukka har aka karɓo ni. Tun daga nan nake jan ƙafar hagu.

Da safe Inna lafiya take. La'asar ce matsala. Da rana ta karkata sai ta ɗauki mayafinta ta ce za ta gida. A ce mata nan ne gida, ta ce a'a, mutanen gidan nan baƙi ne, ba ta jin abin da suke faɗa. In matata ta juya baya wajen murhu, Inna ta fice. An sha dawo mana da ita daga bakin masallaci, daga wajen masu niƙa, sau ɗaya daga tashar mota.

Yayana shi ne babba, maganarsa ce take tsayawa a kan Inna ko da a gidana take. Ya ce a sa wa ɗakinta sakata ta waje, a riƙa rufe ta daga azahar zuwa magariba. Ba mugunta ba ce. Tsoro yake ji mota ta buge ta. Na ce masa a dakata. Ban ba shi dalili ba. Na san yadda ƙofa take in an rufe ta daga waje, shi bai sani ba.

A asibiti na ga abin. Na kai ta a duba hawan jini, muna zaune a layi, talabijin ɗin bango yana kan wata tashar Hausa ta tauraron ɗan adam. Mata ne zaune a kan tabarma suna hira, ɗaya tana gyaran zogale. Inna ta gyara zama. Matar ciki ta yi sallama, Inna ta amsa. Layi ya yi tsawo har la'asar ta wuce, ba ta taɓa mayafinta ba.

Na gwada rediyo. Ta yi ta leƙa bayan akwatin tana neman mai maganar, hankalinta ya ƙara tashi. Na gwada waya. Idonta ba ya ganin fuska ƙarama. Muna da parabol a kan rufi, wato farantin nan da ke kama tashoshin sama, da dikoda, kuma tashar tana shigowa. Sai dai hirar matan da safe ake yi, ranar asibiti dace muka yi aka maimaita ta da yamma. Da la'asar sukan sa fim mai kiɗa da ihu da mari, shi kuma tsorata ta yake. Na sayi dikoda mai naɗar shiri, tsawar ruwan farko na damina ta ƙone ta tare da firji.

'Yata ta fari, da za ta tafi karatu Ngaundare, ta bar kwamfuta a falo, babbar akwati baƙa da ta haɗa da talabijin suna kallon fina-finai da ƙannenta. Na kira ta a waya. Ta ce, "Baba, injin nan zai iya naɗar shirin safe ya ajiye, ya ɗauki na wata da watanni ma. Kati kawai za a sa masa a ciki, wanda wayar parabol za ta shiga."

"Wane irin kati?"

"Ka je wajen masu gyara, su suka sani."

Mai gyaran da na sani mutumin duwatsun Poli ne, Kirista, sa'ana a shekaru. Hausa muke yi da shi, don ita ce ta haɗa mu. Rumfarsa tana layin masu kayan lantarki, cike da gawar talabijin. Na ɗaure akwatin a bayan babur na kai masa. Ya kwance murfin, ya hura ƙura, ya leƙa.

"Mai faci, yau kuma ina za ka da injin 'yan boko? Ko taya za ka riƙa liƙewa da shi?"

"Kati nake so."

"Kati iri-iri ne. Akwai na eriyar sanda, akwai na wayar kamfani, akwai na parabol. Naka na parabol ne. Duba nan." Ya nuna mini ramuka biyu a cikin injin, ɗaya dogo fari, ɗaya gajere baƙi. "Gurbi biyu gare ka. Katin dogon gurbi ana samu a nan. Na gajeren sai Duwala. Yanzu ba ni da ko ɗaya, amma ana kawo mini kaya ta Mayo-Ulo. In ka ga wani a kasuwa, duba bakinsa. Na parabol bakinsa mai zare ne, kamar kan bawul ɗin taya. Wannan kai ma ai ka iya."

Na ce na iya.

A layin nan, rumfa kaɗan tsakani, surukina yake. Mahaifin matata. Kayan burokan yake sayarwa, tsofaffin kayan Turai da ke zuwa a kwantena: dutsen guga, fanka, injin markaɗe, kwalaye cike da wayoyi. Ba yadda za a yi in shiga layin in fita ban durƙusa a gabansa ba. Na cire takalmi, na tsuguna daga gefe, na gaishe shi ina kallon ƙasa. Shekara ashirin da wani abu ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, ban taɓa ce masa a'a ba. Haka ake yi. Ba ni na fara ba.

Ya riga ya ga akwatin a bayan babur. Ya tambaya, na faɗa masa a taƙaice.

"Don hajiya ne?" Haka yake kiran Inna. "To me ya kai ka rumfar wani, alhali ga gida?"

Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo kwali. Katuna ne a ciki, kore-kore, wasu da ƙura, wasu a leda. Surukina bai san kwamfuta ba, amma ya san kaya, kuma yana da hanyarsa da bai taɓa sakewa ba tun yana sayar da tasoshi: nauyi. Ya ɗauki kati ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ya jijjiga su kamar mai auna goro. Ya ajiye marar nauyin, ya ɗauko wani. Haka ya bi kwalin kaf. Wanda ya rage a hannunsa babba ne, da akwatin ƙarfe mai sheƙi a jikinsa.

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Hannu ma haka. Na yanzu duk takarda ne. Wannan ƙarfe ne, Bature ya yi shi don kansa."

Na karɓa da hannu biyu. Na saci kallon bakinsa. Mai zare ne. Raina ya kwanta. Na sa hannu a aljihu, ya ɗaga mini yatsa.

"Kada ka ɓata. Gudummawata ce ga hajiya. Zan zo in ga yana aiki."

Mai gyara ya sa shi a dogon gurbin, ya shiga daidai. Washegari ya biyo ni gida, ya ɗaura wayar parabol, ita ma ta ɗauru daidai. Ya kunna, ya danna abubuwan da yake dannawa, muka zauna muna kallon wani layi yana tafiya a fuskar talabijin. Layin ya kai ƙarshe, babu tasha ko ɗaya. Ya sake. Ya hau rufi ya duba farantin, ya sauko. Sai ya zaro katin ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya karanta ƙananan rubutun da ke jiki. Ya fara dariya har ya zauna a ƙasa.

"Mai faci, kana da fasfo?"

"Faɗi."

"Katin nan lafiyarsa ƙalau. Na eriya ne, na Amurka. Su can har eriyarsu bakin zare take da shi, na manta ban gaya maka ba. In kana so ya yi aiki, sai ka ɗauki Inna da injin ku tafi can."

Ban yi dariya ba. Ya goge idonsa ya ce, "Mayar wa tsoho abinsa."

"Ba a mayar da hannun kyauta baya. Balle nasa."

"To jefa shi a kwali ka yi shiru."

"Ya ce zai zo ya gani."

"Ku dai da kunyarku. Mu a dutse in surukinka ya ba ka akuya marar lafiya, gaya masa kake yi, ku yanka ku ci tare."

Na ce, "Mayar da shi cikin injin inda ka ciro shi."

Ya mayar. Ba a jima ba kayansa suka iso ta Mayo-Ulo, ya aiko a kira ni. Kati ne ƙarami, ba nauyi, kamar murfin gwangwani. Ya gwada shi a gabana cikin nasa injin, tashoshi suka zubo, har da wadda nake nema. Amma na dogon gurbi ne, gurbin kuma ɗaya ne, katin surukina yana ciki.

"Cire nasa, sa wannan. Yau ɗin nan Inna ta yi kallo."

"Nemo mini na gajeren gurbi. Su zauna su biyu."

"Sai an aika Duwala. Ban san ranar zuwansa ba."

"Aika."

Ya dube ni ya girgiza kai. "An ce 'yan fashi sun ɗaure ka ba ka yi kuka ba. Ashe tsoho mai dutsen guga ne maganinka."

Na tafi. A lokacin zafi ne, irin zafin Garwa da kwalta take laushi a ƙarƙashin takalmi. Kullum in na rufe rumfa sai in bi ta wajensa, ya ɗaga mini hannu alamar babu. Matata ta san abin da ake ciki. Ba ta ce cire ba, ba ta ce bari ba. Ubanta ne. Abin da ta yi shi ne ta matso da murhu kusa da ƙofar gida, tana girki tana tsaron hanya.

Ran nan maƙwabciya ta haihu, matata ta leƙa ta katanga ta yi barka. Kafin ta juyo babu Inna. Aka aiko mini rumfa. Na duba masallaci, na duba masu niƙa, na duba tasha. Babu. Yaya ya fito da motarsa, 'ya'yana suka bazu cikin unguwa. Rana ta kusa faɗuwa wani mai babur ya ce an ga tsohuwa a wajen gada.

A ƙarƙashin gadar Binuwai muka same ta, inda masu ɗibar yashi suke loda mota. Ruwa ya ja baya, amma tsakiya akwai zurfi, akwai dorina. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, zaninta ya jiƙe har gwiwa. Masu yashin ne suka fito da ita suka zaunar a kan buhu. Ɗaya ya ce tana ta tambayarsu ina mai fito, za ta ƙetare gida. Tafin ƙafarta ya kumbura saboda zafin yashi. Ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, kai kana jin Hausa?"

Na ce ina ji.

"To kai ni gida."

Yaya ya dawo da mu gida a motarsa. Da muka sauke ta, matata ta kama ta suka shiga, sai ya tsayar da ni a zaure.

"Na ba ka lokaci. Bayan Juma'a zan zo da kafinta. Ko ka yarda ko kada ka yarda."

Ban musa ba. Gaskiya ce da shi.

Da sassafe na ɗaura akwatin a babur. Na bi ta bayan kasuwa, ta wajen mahauta, don kada in wuce gaban rumfar surukina. Na ajiye injin a teburin mai gyara na ce, "Cire. Sa naka."

Ya riga ya ji labarin gada, bai yi mini ba'a ba. Ya zaro babban katin, ya sa ƙaramin. Sai ya tsaya yana juya na surukina a hannu. Kowane kati yana da wani siririn ƙarfe a gefe, wanda yake leƙowa ta bayan akwati, a nan bakin waya yake. Ya ɗauko sukundireba da abin narka dalma, ya raba ƙarfen da katin, da bakin zaren a jikinsa. Bayan akwatin akwai tagogi da ba komai a cikinsu. Ya ɗaura ƙarfen a ɗaya daga ciki, ya yanko guntuwar waya ya ɗaura a bakin, ya tura ɗaya kan cikin tarin wayoyin da ke baya.

"Daga waje, ga katin tsoho nan da wayarsa. Daga ciki, iska. In ya ce a buɗe masa murfi, ba ruwana, ban san ka ba."

"Ragowar fa?"

"Bar mini. Ko Allah zai kawo Ba'amurke."

Ya biyo ni gida ya saita komai. Ya san ba ni da karatu, matata ma haka, sai ya karɓi jan farcen ƙaramar 'yata ya ɗiga a kan maɓalli ɗaya, ya liƙa farar takarda a kan wani. Ja na naɗa ne, fari na kallo. Ya ce injin zai iya tashi da kansa ya naɗa, amma da yadda ake ɗauke wuta a garin nan gara mutum ya tsaya a kai. Matata ta karɓi aikin. Da safe in matan sun fito ta danna ja. Ranar farko an ɗauke wuta a tsakiya, rabi aka samu.

Da la'asar ban je rumfa ba. Na ga Inna ta miƙa hannu ta ɗauki mayafi. Matata ta danna fari. Sallama ta fito daga falo, muryar mace, da ƙarfi. Inna ta tsaya da mayafin a hannu.

"Wa alaikumus salam. Su wane ne?"

Ta bi muryar tana ɗingishi. Mun shimfiɗa mata tabarma a gaban talabijin. Ta zauna, ta ajiye mayafin a cinya. Rabin shirin ya ƙare, matata ta sake danna fari, ya faro daga sallama. Inna ta sake amsawa. Ba ta san ta gani ba. Haka har aka kira magariba.

Surukina ya zo kafin Juma'a. Ya gaida Inna, ba ta gane shi ba, ta ce masa ya yi shiru ana magana. Ya yi murmushi. Ya zaga bayan akwatin, ya sunkuya da kyar, ya taɓa ƙarfen nan mai bakin zare, ya bi guntuwar wayar da yatsa. Ina tsugune a bakin ƙofa ina kallon ƙasa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya ce, "Madalla. Allah ya ba hajiya lafiya." Mutum ne da ya yi shekaru yana kwance kayan wuta yana ɗaurawa. Ko ya ga inda wayar ta ƙare, ko bai gani ba, ban sani ba. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka.

Yaya ya zo da kafinta kamar yadda ya ce, da la'asar. Kafintan ya ajiye jakarsa a tsakar gida yana jiran umarni. Yaya ya leƙa falo. Ya tsaya a ƙofa yana kallon bayan Inna, ita tana kallon matan. Ya tambaye ni, "Kullum haka?"

"Tun ranar da aka sa."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Na haɗa batirin mota."

"In ta gaji da su?"

"Ban sani ba."

Kafinta ya ce, "Alhaji, a buga ko a bari? Ina da wani aiki a gaba." Yaya ya ce masa ya duba ƙafar gadon Inna da take rawa, tunda ya riga ya zo. Ya gyara gadon suka tafi.

Ba zan ce ta daina fita ba. Ta fita wasu lokuta bayan nan, ranar da batir ya mutu, da ranar da injin ya ƙi tashi sai da aka kira mai gyara. Ba ta sake kaiwa kogi ba. Ɗakinta bai taɓa rufuwa daga waje ba har ta rasu, cikin damina ta biyu, da hantsi, ƙofa a buɗe.

A cikin shirye-shiryen da matata ta tara akwai wanda Inna ta fi so. Wata mata ce take koyar da miyar kuka. Duk ranar da aka sa shi, in matar ta kai wajen zuba daddawa, sai Inna ta daki tabarma.

"Ke 'yar nan! Ya isa! Wa ya koya miki girki?"

Matar ta ci gaba da zubawa.

Inna ta juyo wajen matata, wadda take kira baƙuwa, ta ce, "Kin gani ko? Ba ta jin magana. Zauna nan ki gani, kada ke ma ki yi irin nata."

Matata ba ta jin rabin abin da ake faɗa. Takan sauke tukunya ta zo ta zauna.